Budurwar Teku Da Halinta: Nasiha Ga Mai Son Kiwon Damsal

Ya ɗana, da ke 'yata idan takardar nan ta faɗo hannunki, tun da na ga sha'awar ajiye kifin teku a cikin tankin gilashi ta fara shiga zukatan samarinmu, musamman waɗanda neman ilmi ko neman abinci ya kai su biranen gaɓar teku, kuma na ga yadda da yawansu suke farawa da ɗoki su ƙare da busasshen tanki a bayan ɗaki ana tara tsofaffin takalma a cikinsa, sai na ga ya zama wajibi a kaina in faɗa muku abin da dogon zamana a Jidda, a bakin Bahar Maliya, ya koya mini game da ɗan kifin nan da kusan kowane sabon shiga yake farawa da shi, wanda Turawa suke kira damsal. Na riga ku yin asarar, ita ce kaɗai ijazata a wannan fanni, kuma wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya san abin da zai yi wa nasa.

Ma'anar kalmar a harshensu budurwa ce mai kunya da taushin hali, kuma duk wanda ya tsaya gaban gilashin mai shago ya ga 'yan kifayen nan, wani shuɗi kamar yanzu aka tsamo shi daga marinar Ƙofar Mata, wani kore mai walƙiya, wani baƙi da ɗigon fari, babu wanda ya wuce tsawon ɗan yatsa, zai ce lalle suna ya dace da mai shi. To, kyan ɗan maciji ne. Danginsu babba ne, ya kusa kai iri 400, mafi yawansu mazauna duwatsun murjani a tekunan ƙasashe masu zafi, daga Bahar Maliya zuwa tsibiran Indunisiya da Filifin har yankin Karibiyan, kuma kifin nan mai ruwan lemo da fararen ɗamaru, wanda yara suka sani ta fim ɗin Finding Nemo na 2003, ɗan gidansu ne. Wani reshe nasu ma har yau sunansa a littattafan masana Abudefduf, suna ne na Larabci wanda wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Peter Forsskål, ya rubuta a tafiyarsa ta Bahar Maliya, ajali ya riske shi a Yaman a 1763 bai ga aikinsa a buge ba, sai abokin tafiyarsa Carsten Niebuhr ya fitar da shi a 1775. Abin da ya haɗa mafi yawan wannan dangi shi ne son mallakar wuri. Akwai iri a cikinsu da ake kira Stegastes wanda yake noma na haƙiƙa, watau yakan zaɓi ɗan fili a kan dutse, ya bar gansakukar da yake ci ta yi girma, ya riƙa tsinke wadda ba ya so da bakinsa yana kai ta bakin gona yana zubarwa, kuma duk abin da ya taka iyakarsa, ko kifin da ya ninka shi goma ne, ko ɗan Adam mai nutso, sai ya sha cizo. Idan ka fahimci wannan, ɗana, ka fahimci rabin mas'alar, domin abin da za ka gani a tankinka ka kira shi mugunta, a wurinsa tsaron gona ne, kuma ban san manomin da yake yi wa shanu maraba idan sun faɗa masa cikin gero ba.

Abu biyu suke jawo sabon shiga gare shi, araha da taurin rai, kuma su ne suke ruɗinsa. Sabon tanki, ko da ruwansa garau yake, bai zama mazauni ba tukuna, saboda kashin kifi da ragowar abinci suna rikiɗa su zama amoniya, wadda guba ce mai ƙone gaɓoɓin numfashi, kuma babban abin da yake kawar da ita shi ne wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu zama a jikin dutse da yashi, waɗansu su juya ta zuwa naitirait, waɗansu su juya wannan zuwa naitiret mai sauƙin cutarwa, wadda ake ragewa da canjin ruwa. Kafin waɗannan halittu su yawaita har su iya ɗaukar nauyin gida kuwa akan yi mako 4 zuwa 6. Tsohuwar al'adar masu wannan sana'a ita ce a jefa damsal cikin sabon ruwa, shi ya sha gubar, kashinsa ya ciyar da ƙwayoyin, in ya rayu falillahil hamdu, in ya mutu ba a yi asarar kuɗi mai yawa ba. Da wannan fatawa wani mai shago ya sallame ni ranar da na fara, na dawo gida riƙe da leda mai 'yan kifi huɗu baƙaƙe wuluk, kowanne da fararen ɗigo uku, ɗaya a goshi biyu a gefe, girmansu bai fi farcen babban yatsa ba, waɗanda masana suke kira Dascyllus trimaculatus.

Sun rayu kuwa, dukkansu, sai dai ba su daɗe suna huɗu ba. Kafin shekara ta zagayo saura ɗaya, ya gama da 'yan'uwansa, ya yi girma har ya kai tafin hannun yaro, baƙin nan mai sheƙi ya koɗe ya koma toka-toka, ɗigon ya dushe, tankin kuma daga bango zuwa bango ya zama gonarsa. Duk kifin da na saya na saka, komai tsadarsa, kafin magariba zan same shi maƙale a kusurwar sama bayan bututun famfo, wutsiya a yage, yana numfashi da sauri, mai gidan yana kai da komo a ƙarƙashinsa, har idan dare ya yi tsit nakan ji wani ɗan gurnani da yake yi ta cikin gilashi. Ranar da na ƙudurta fitar da shi na gane cewa raga ba ta kama wanda ya san kowane rami a gidansa, sai da na kwashe duwatsun duka na jera su cikin robobin wanki a tsakiyar falo, tun daga hantsi har la'asar sakaliya, ruwan gishiri yana ɗiga kan darduma, uwargida tana tsaye bakin ƙofa ba ta ce uffan ba, abin da ya fi mini zafi a kan a ce ta yi magana. Kifin da na saya da kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba, shi ya halaka mini waɗanda na daɗe ina tara kuɗinsu. Araha ba ta ado. Alhali kuwa babu wata larura da ta tilasta a azabtar da mai rai domin a raya ruwa, tun da ɗan guntun ɗanyen jatan lande da aka bari ya ruɓe a ciki, ko 'yan ɗigon amoniya da ake sayarwa don wannan aiki, suna biyan buƙata, kai kuma kana gwada ruwan da kayan gwaji duk bayan kwana biyu har ka ga amoniya da naitirait sun hau sun sauko sun tsaya a sifili.

A nan ne nake so ka ɗan dakata ka yi tadabburi, domin al'amarin ya wuce na kuɗi. Malamai sun halatta ajiye dabba ko tsuntsu don sha'awa, suna kafa hujja da ƙissar ƙanen Anas ɗan Malik, yaron da yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana shi ba, har ma ya tambaye shi labarin tsuntsun. Amma sun gindaya sharaɗin ciyarwa da kulawa, saboda hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka azabtar a dalilin kyanwar da ta kulle har yunwa ta kashe ta. Kifin tanki kuwa ya fi kyanwar nan rauni, domin ita tana iya kuka maƙwabci ya ji, shi ko abincinsa da numfashinsa da zafin jikinsa da maƙwabcin da zai kwana da shi, duk kai ka zaɓa masa, kuma ba shi da murya.

Ba zan tsawaita a kan ruwa ba, domin ƙa'idodinsa kaɗan ne, sai dai ba sa karɓar uzuri. Gishirin miya ba ya yi, haka na Bilma, haka manda, saboda a ruwan teku akwai sinadarai da yawa ban da gishiri, irin su magniziyam da kalsiyam, don haka sai gishirin da aka haɗa musamman domin tanki, a dama shi cikin bokiti mai tsabta da tataccen ruwa marar kulorin, a bar shi ya kwana famfo yana juya shi. Ma'aunin teku kusan giram 35 ne a kowace lita, wanda a na'urar awo yake nuna 1.025 ko 1.026, ko da yake Bahar Maliya takan kai 40 saboda tsananin rana da rashin kogunan da ke zuba cikinta. An ce ido ba mudu ba amma ya san kima. To a nan bai sani ba, harshe ma bai sani ba, sai na'ura. Kuskuren da na fi gani a wurin samari shi ne, idan ruwa ya ragu a tanki sai su cika shi da ruwan gishiri, alhali abin da ya tashi ya bi iska ruwa ne zalla, gishirin yana nan inda yake, sai ya yi ta taruwa har ya fi ƙarfin kifi. Ka ja layi a jikin gilashi, kullum ka cika zuwa layin da ruwan daɗi tatacce, sa'an nan duk mako ka ɗebe kashi ɗaya cikin goma ka mayar da sabon ruwan gishiri. Zafin da suke so digiri 24 ne zuwa 27, idan ya haura 30 an shiga haɗari, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska da yawa, na gishiri kuma dama can bai kai na kogi riƙewa ba. Saboda haka wanda yake zaune inda wutar lantarki take zuwa ta tafi yadda ta ga dama, ya sayi ɗan famfon iska mai aiki da batir tun kafin ya sayi kifi, domin 'yan sa'o'i na tsayayyen ruwa a daren bazara sun isa su shafe wahalar shekara.

To, idan ruwa ya nuna, sai zaɓen mazauna, kuma a nan ne wanda yake son ganin garke, ba kifi ɗaya tilo ba, ya kamata ya yi taka-tsantsan, domin hali zanen dutse ne, ba a kankare shi da yawan abinci. Ka nisanci mai ɗigo ukun da na ba ka labari, da ɗan'uwansa mai ratsin baƙi da fari, Dascyllus aruanus, sai in ka yarda tankin ya zama nasu su kaɗai. Ka nisanci Neoglyphidodon oxyodon, wanda a ƙuruciyarsa yake da shuɗayen zane masu haske kamar walƙiya a daren damina, idan ya girma kuwa ya kai wajen santimita 15, ya rine ya zama baƙi, ya zama azzalumi. Su Abudefduf ma suna girma fiye da abin da tankin ɗaki zai ɗauka. Waɗanda na ga sun fi zama da jama'a su ne ɗan shuɗin nan mai rawayar wutsiya, Chrysiptera parasema, wanda ba ya wuce santimita 7, faɗansa kuma bai cika wuce bakin raminsa ba, da kuma koren nan mai sheƙi, Chromis viridis, wanda ake sayarwa a matsayin salihin gidan.

Sai dai game da wannan salihi akwai maganar da masu shago ba su cika faɗa ba. A teku na sha ganinsu ɗaruruwa suna shawagi a saman murjani mai rassa, suna tsintar 'yan halittun da igiyar ruwa take kawowa, da zarar inuwa ta gifta sai su faɗa cikin rassan gaba ɗaya kamar an yi musu kira, inuwar na wucewa su sake tasowa. Wanda ya ga haka sai ya zaci ƙauna ce ta haɗa su, ni kuwa a ganina tsoro ne. A tanki, inda babu mai farautarsu, sai kowa ya waiwayo ya dubi na kusa da shi, babba ya matsa wa na ƙarshe har ya daina fitowa cin abinci ya mutu a rami, sa'an nan wanda yake bi masa ya gaji matsayinsa, a haka bakwai su koma biyar, biyar su koma biyu, mai tanki yana ta zargin ruwa. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Ban ce garken ba ya yiwuwa ba, na ga ya yiwu, amma da sharuɗɗa. Na farkonsu faɗin gida: ga kifi biyar ko bakwai ba na ba da shawarar abin da ya gaza lita 200, kuma dogon tanki mai kamar santimita 120 ya fi mai tsayi zuwa sama, domin wanda aka kora yana buƙatar nisan da mai korar zai gaji ya koma. Ka kuma kula da yadda kake jera duwatsu, kada ka yi tsibi ɗaya a tsakiya wanda mai ƙarfi zai hau kansa ya hango ko'ina, ka yi tsibi biyu ko uku da rata a tsakaninsu, da ramuka fiye da yawan kifin, yadda kowa zai sami ɗakin kwana kuma ba dole ya riƙa ganin abokin gabarsa ba, domin a wurinsu wanda ido bai gani ba an manta da shi. Kifi biyu ko uku shi ne mafi munin adadi, saboda duka yana sauka a kan baya ɗaya, idan kuwa suna da ɗan yawa sai ya rarrabu. Ka saye su ƙanana, masu girma ɗaya, ka saka su rana ɗaya bayan ka kashe fitila, kada wani ya riga wani ya ce gidan ubansa ne. Idan kuma kana da niyyar haɗa su da wasu kifaye masu sanyin hali, to waɗannan su fara shiga su zauna da gindinsu, damsal ya zo ƙarshe a matsayin baƙo.

Yunwa ma tana hura wutar faɗa. Koren nan a teku wuni yake yana tsinta, cikinsa ƙarami ne, don haka ɗan abinci sau uku a rana, gwargwadon abin da za su cinye a minti ɗaya ko biyu, a watsa shi a wurare biyu yadda mai ƙarfi ba zai tare duka ba, ya fi tuli ɗaya da safe wanda rabinsa zai nutse ya ruɓe. Ka riƙa sauya musu tsakanin busasshen abincin gwangwani da daskararrun ƙananan jatan lande da ɗan ganyen teku. Kuma ka saba wa kanka zama gaban tankin dab da kashe fitila, domin a lokacin rabon makwanci ne ake gane wanda yake mulki da wanda ake zalunta. Ka ƙidaya su. Wanda launinsa ya dushe, ko ya koma kusurwa yana kallon bango, ko gefen wutsiyarsa ya zama kamar bakin tsohon mayafi, ya riga ya kai ƙara gare ka.

A wajen saye kada ka ji kunyar mai shago, ka ce ya ba su abinci a gabanka, wanda bai ci ba ka bar masa kayansa, haka mai fararen ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri, da mai jan miki a gefe, wanda cuta ce da ta fi kama koren nan kuma tana kisa da sauri. Mafi yawan waɗannan kifaye daga teku aka kamo su, galibi a Filifin da Indunisiya, kuma an san cewa waɗansu masunta a can sukan fesa gubar sayanaid cikin murjani domin kifi ya suma su ɗauka, irin wannan yakan iso shago da kyansa ya mutu bayan 'yan makonni. Saboda haka kowane sabon kifi ya yi kamar mako 4 a wani ɗan tanki na dabam kafin ya shiga babban gida, can ne za ka yi masa magani idan ya nuna cuta, domin maganin da ake yi da sinadarin tagulla yana kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi, yana kuma shiga jikin dutse ya zauna. Rigakafi ya fi magani, ballantana a inda maganin kansa yake da dafi.

Idan duk da haka wani ya tashi da fitina, ka fara da sauya jerin duwatsu domin iyakoki su rushe kowa ya koma baƙo, ko ka jingina madubi a jikin gilashi ya yi kwana biyu yana faɗa da kansa, ko ka kama shi da tarkon kwalba mai abinci a ciki ka tsare shi a gefe na mako ɗaya ko biyu. In ya dawo bai tuba ba, ka mayar wa mai shago ko ka ba wanda yake da wurin ajiye shi. Abu ɗaya ne nake roƙonka kada ka yi, ko da teku tana bayan gidanka, shi ne ka sake shi a cikinta da sunan tausayi, domin kifin zaki mai ƙayoyi masu dafi, wanda asalinsa na tekun Indiya da Fasifik ne, an fara ganinsa a gaɓar Fulorida ta Amurka a 1985, masana sun fi rinjayar da cewa daga tankunan gidaje aka sake shi, yau ga shi ya cika Karibiyan yana cinye 'ya'yan kifin wurin.

Wata rana kuma, idan ruwa ya zauna kuma gida ya yi lafiya, za ka ga ɗaya daga cikin masu rawayar wutsiyar nan ya canja hali ba tare da sababin da ka sani ba, ya lazimci ƙarƙashin wani dutse yana goge shi da baki, yana korar duk mai giftawa. Kada ka yi saurin yanke masa hukunci, ka sunkuya da tocila ka duba, za ka ga ƙwai ƙanana jere a manne da dutsen. Namijin ne yake tsaronsu, har uwar ma ba ya bari ta matso bayan ta zuba, yana yi musu fifita da fikafikansa dare da rana, yana tsince waɗanda suka lalace, har wajen kwana 4, sa'an nan su ƙyanƙyashe bayan duhu ya shiga. A tankin da yake da wasu kifaye da famfo mai ja 'ya'yan ba sa kai safiya, amma bayan 'yan kwanaki za ka same shi yana goge dutsen nan dai. Nawa, duk lokacin da na sa hannu zan goge gilashi a irin waɗannan kwanaki, yakan taso daga raminsa, shi da bai kai ɗan yatsana ba, ya kama gashin bayan hannuna ya fizga, ya koma ya dubi ƙwansa, ya sake dawowa. Nakan janye hannun in bar gilashin wannan gefe da gansakukarsa sai sun ƙyanƙyashe.